Zanen gado na lilin: yadda za ku gane shi, da yadda za ku riƙe shi



Yau zancenmu a kan zanen gado ne. Wani zai ce, zanen gado har ya kai a yi masa darasi? Ya kai. Mutumin da ke barcin awa 8 kowane dare, kashi 1 cikin 3 na rayuwarsa a kan shimfiɗa yake yin sa. Babu rigar da ke daɗewa a jikinka haka. Kuma duk uwar da ta taɓa haɗa kayan ɗakin ɗiyarta ta san irin kuɗin da zanen gado ke ci. Kuɗin nan na gumi ne. Bai kamata a ba da su a karɓo roba ba.

A cikin zannuwan gado akwai iri ɗaya da ake kira lilin. Da Faransanci ana rubuta shi lin, baƙi uku kawai. Larabawa suna ce masa kattan. Yana daga cikin masu tsada, ana kuma yawan cutar mutane da sunansa.

Mene ne lilin?

Lilin ba auduga ba ne. Auduga tana fita ne a ƙwallon da ke bisa tsiron. Zaren lilin kuwa daga ɓawon kara ake samo shi. Ku manoma kun riga kun san wannan aiki, domin haka kuke yi da rama. Kukan yanke karan rama, ku jiƙa shi a tafki har ya ruɓe kaɗan, sa'an nan ku ɓare shi ku yi igiya. To, tsiron lilin ɗan'uwan rama ne a wajen aiki, sai dai zarensa ya fi na rama siriri ƙwarai, har ana iya saƙa tufa da shi.

Ba a noma shi a ƙasarmu. Yana son sanyi da laima. Faransa ce ta fi kowace ƙasa noman lilin na zare, musamman a yankin Normandi da ke bakin teku. Ana kuma noma shi a Beljiyam da Holan. Suna shuka shi a watan Maris ko Afrilu. Kwana 100 ko kusa da haka yake yi a gona. Tsayinsa yakan kai mita 1. Yana da ƙaramin fure shuɗi, wanda ke buɗewa da safe ya kaɗe kafin rana ta faɗi. In ya nuna ba a yanke shi. Tuge shi ake yi har saiwa, don kada a gajarta zaren. Daga nan a shimfiɗe shi a gonar, raɓa da ruwan sama su jiƙa shi na makonni, ana juya shi. Sai a farfasa karan, a karkaɗe, a taje zaren, a kaɗa, a saƙa. Kun ga aikin da yawa. Daga nan tsadar ta fito.

Yawancin zaren da aka noma a Faransa, Sin ake kai shi a kaɗa. Saboda haka in kun ga an rubuta sunan Sin a jikin zane, wannan kaɗai bai nuna jabu ba ne.

Ba sabon abu ba ne a Afirka. Mutanen Masar na dā lilin suke sawa, da shi kuma suke naɗe gawarwakin sarakunansu. A 1913 an tono wata rigar lilin a wani wuri da ake kira Tarkhan, kudu da Alƙahira. Masana sun auna shekarunta, sun tarar ta haura shekara 5000. Tana ajiye a wani gidan tarihi a Landan. Masar ƙasar zafi ce da ƙura kamar tamu, ku riƙe wannan.

Bazara da ɗari

Me ya sa ake cewa zane ɗaya zai yi maka shekara duka?

Mu fara da bazara, tun da ita ce ke hana mu barci. A watan Afrilu da Mayu, a Yamai ko Tawa ko Maraɗi, zafin rana yakan wuce digiri 40. Da dare bango yana amayar da zafin da ya sha. Jiki yana yin gumi don ya huce. Amma gumi ba ya sanyaya jiki sai in ya bushe. Ku tuna da tulun ƙasa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinsa, iska na busar da shi, shi ne ke sa na ciki ya yi sanyi. Jarkar roba ba ta yin haka, shi ya sa ruwanta ke ɗumi.

Zanen lilin tulu ne. Yana shan gumi da sauri, yana kuma sake shi da sauri. Zarensa yana da ɗan tauri, ba ya manne wa fata, iska tana samun hanya. In ka ɗora hannu a kansa za ka ji sanyi-sanyi, don yana janye zafin hannunka. Zanen poliyesta kuwa jarka ne. Daga man fetur ake yin zarensa, ba ya shan ruwa sai ɗan kaɗan. Gumin yana nan kwance tsakaninka da shi. Shi ya sa za ka farka tsakar dare jiƙe sharkaf, yara kuma ƙurajen zafi su feso musu a wuya da baya.

Auduga fa? Auduga tana shan gumi sosai, ita ma. Bambancin, ta fi jinkirin bushewa. A bazara iska busasshiya ce, ba za ka ji bambancin da yawa ba. A damina ne, cikin Agusta, lokacin da iska ta yi nauyi da laima, za ka gane wanda ya fi.

Sai ɗari. A nan zan gaya muku gaskiya, domin ƴan kasuwa sukan ƙara gishiri. Lilin ba bargo ba ne. A watan Janairu, in sanyin asuba ya sauko a Damagaram, wanda ya rufa da lilin kaɗai zai yi rawar ɗari. Amfaninsa shi ne ya zama na ciki. Ka shimfiɗa ɗaya, ka rufa da ɗaya, sa'an nan ka ɗora gwado ko luru ko bargo a bisa. Iskar da ta maƙale tsakanin zane da bargo ita ce ke riƙe ɗumin jiki. Lilin yana ɗauke ɗan gumin da ake yi a ƙarƙashin bargo, shimfiɗa ta kwana a bushe. Ga wata riba kuma: bargo ba zai yi saurin datti ba. Wankin zane ya fi wankin bargo sauƙi, kowace mace ta san haka.

Abu ɗaya ke ɓata duk wannan, shi ne ledar katifa. Mutane da yawa sukan bar ledar da aka sayo katifar soso a ciki, wai don kada ta tsufa. Ko lilin na sarki ka shimfiɗa a kan leda, zafi za ka sha. A cire ledar. In saboda fitsarin yaro aka bar ta, a sa gwado mai kauri tsakaninta da zanen.

A kasuwa

Yanzu ga inda karatunku zai yi muku rana. Ko a Babbar Kasuwar Yamai kuke, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, kafin ku tambayi kuɗi ku nemi ƴar takardar da aka ɗinka a gefen zanen. Ku karanta ta da kanku, a hankali. Kada kunya ta hana ku. Mai kaya zai jira.

In kun ga 100% lin, ko pur lin, to lilin ne zalla. Alamar % tana nufin kashi cikin 100. Kayan da suka fito daga ƙasashen Ingilishi, linen ake rubutawa. In kun ga coton, auduga ce. In kun ga polyester ko microfibre, roba ce, komai laushinta. Akwai kuma métis. Wannan gauraye ne: zaren tsaye auduga, zaren kwance lilin. A dokar Turai, lilin ɗin da ke ciki bai kamata ya kasa kashi 40 cikin 100 ba. Zane ne mai kyau, ya fi lilin zalla araha, bai kai shi yamutsewa ba.

Ku yi hattara da kalmomi biyu: aspect lin, ko effet lin. Ma'anarsu, mai kama da lilin. Mai kama da abu ba shi ne abin ba. Sau da yawa babu ko zare ɗaya na lilin a ciki.

To, in babu takarda fa? A wajen ƴan gwanjo sau da yawa ta yage ko ta koɗe. A nan hannu da ido za su yi aiki.

Ka dunƙule gefen zanen a tafin hannunka, ka matse, ka ƙirga zuwa 10, ka saki. Lilin zai fito da yamutsa mai kaifi, kuma ba za ta tafi ba. Poliyesta zai miƙe kamar ba a taɓa shi ba. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su zaɓi wanda ya miƙe, su ce shi ne mai kyau. A wajen lilin, yamutsa ita ce shaida.

Ka ɗaga shi wajen haske. Zaren lilin ba ya tafiya daidai. Za ka ga wani wuri ya ɗan yi kauri, kamar ƙulli-ƙulli. Amma kada ka tsaya a nan, don masu jabu sun iya kwaikwayon ƙullin. Ka ɗiga masa ruwa. Lilin da aka taɓa wankewa yana shanye ɗigon nan take. A kan roba ɗigon yakan tsaya kamar ƙwalla. Sabon lilin mai sitaci shi ma yakan ɗan jinkirta, ku san da wannan.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na wuta. Ka roƙi mai kaya ya bari ka zare zare biyu daga bakin ɗinki, ɗaya na tsaye, ɗaya na kwance. Ka koma gefe, nesa da kayan mutane, ka kyasta ashana. Zaren tsiro, lilin ko auduga, yana ci da warin takarda, ya bar toka mai laushi. Roba tana narkewa, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar dunƙule mai tauri. Wuta ba za ta raba maka lilin da auduga ba, amma za ta raba ka da roba, kuma can ne babbar asara take. Don raba lilin da auduga, ka ja zaren ka tsinke shi. Na lilin ya fi gardama, kuma ba ya miƙuwa kafin ya tsinke. Mai kayan da ya hana ka zare ɗaya, ka yi masa sai an jima.

A ganina, mai neman lilin na gaske da kuɗi kaɗan ya fara duba tulin gwanjo. Tsofaffin zannuwan gidajen Faransa sukan faɗo a ciki, farare masu nauyi, wani lokaci da baƙaƙen sunan mai su a surfafe. Ka buɗe zanen duka, ka duba tsakiyarsa a rana. Tsakiya ce ke fara cinyewa. In haske ya fi ratsa ta bisa ga gefe, kwanansa ya ƙare.

Wajen nauyi, a ɗauki matsakaici. Wani lokaci sukan rubuta lamba da g/m². Wannan nauyin mita ɗaya ne tsawo da faɗi. Daga giram 160 zuwa 200 ya yi wa gado daidai. Wanda ya kasa haka da yawa ba zai jure wankin hannu ba.

Awo

Kada ku tafi kasuwa ba ku auna katifa ba. Ga lissafin, ku ɗauki alƙalami. Katifar mutum biyu faɗinta santimita 140, tsawonta 190. A ce kaurinta 20. Zane zai sauka gefe biyu: 20 da 20. Sai abin da za a cusa ƙarƙashi, 25 da 25. Ku tara: 140 da 40 da 50, ya zama 230. A tsawo kuma, 190 da 40 da 50, ya zama 280. Ke nan zanen da aka rubuta wa 240 x 300 shi ne naku. Katifar mutum ɗaya, mai faɗin 90, zanen 180 x 290 ya ishe ta.

Sabon lilin yana tsukewa a wankin fari. Kowace mita takan rage santimita 4 ko 5, wani ma fiye. In yadi kuka sayo, ku jiƙa shi ya kwana, ku wanke, ya bushe, sa'an nan ku kai wa tela. In an rubuta lin lavé, an riga an wanke shi a masaƙa, ba zai tsuke da yawa ba.

Ya kamata kowa ya sayi lilin? A'a. Wanda hatsinsa bai kai shi kaka ba, ba ruwansa da lilin. Auduga zalla mai kauri ta ishe shi, kuma ba abin kunya ba ce. Amma mai hali ya yi wannan lissafi. Misali ne kawai: zanen jikka 4 da ke mutuwa a shekara 2, kowace shekara ya ci maka jikka 2. Zanen jikka 15 da ya kai shekara 10, kowace shekara jikka 1 da rabi ya ci. Sharaɗin shi ne ya kai shekara 10 ɗin, wannan kuwa yana hannun mai wanki.

Wanki

Sabon lilin yana da kaushi. Kada ku ce an cuce ku. Kowane wanki yana ƙara masa laushi. Lilin kuma ya fi ƙarfi in yana jiƙe, saboda haka ruwa ba ya cutar da shi. A wanke shi duk mako a bazara. A ɗari ana iya kai mako 2.

Ruwa mai ɗumi, wanda hannu ke iya zama a ciki, da sabuni na gari, sun isa. A takardar za ku ga hoton bahon wanki da lamba a ciki, 40 ko 60. Wannan shi ne iyakar zafin ruwan. A jiƙa zanen rabin awa, a cuɗa shi a hankali. Kada a goga shi da buroshi, kada a maka shi a kan dutse ko siminti. A ɗauraye sau 2 ko 3, har ruwan ya fita garau. Sabunin da ya saura shi ne ke sa zane tauri da ƙaiƙayi. In ruwan rijiya ko na tafki ya yi ja, a bar shi ya kwanta tukuna.

Babban maƙiyin lilin shi ne ruwan javel. Yana fitar da fari yau, yana cin zaren a ɓoye. Bayan ƴan watanni sai ku ga zane ya yage ba dalili. In kun ga hoto mai kusurwa uku an soke shi da gicciye, ma'anarsa kada a sa javel. Farin lilin rana ce ke ƙara masa fari, ita kuwa kyauta ce.

Na biyu shi ne murɗa. Kun san yadda mutum biyu ke kama bakin zane, kowa na murɗawa har ya zama igiya. Kada a yi wa lilin haka. Zarensa ba ya miƙuwa, karyewa yake yi. A ninke shi, a danna, ruwan ya tsiyaye, a shanya shi yana ɗiga.

Tabo kuwa, kowane da maganinsa. Jini, ruwan sanyi nan da nan, don ruwan zafi yana dafa shi ya zauna. Mai, ko na gashi ko man kaɗanya, a shafa sabuni a wurin a bar shi ya jima kafin wanki. Tsatsar gadon ƙarfe ko ta waya, a matsa lemun tsami a barbaɗa gishiri, a sa a rana kaɗan, a ɗauraye sosai. Goro da lalle suna da taurin kai. Amaryar da aka ƙunsa wa lalle ta kwana a kan tsohon zane.

In kuɗin cizo ko ƙwarƙwata ko ƙazwa sun shiga gida, ruwan ɗumi bai isa ba. Sai mai zafin digiri 60, wanda hannu ba ya iya zama a ciki. Farin lilin yana jure wannan. A wanke na mutanen gidan duka rana ɗaya, a fitar da katifa da gado rana. Kuma zane, komai kyansa, ba ya hana sauro. Sange yana nan a wurinsa, ko a ɗaki ko a tsakar gida.

Shanya, guga da ajiya

A shanya a kan igiya, ba a kan dangar ƙaya ko waya mai tsatsa ba. Fari a rana, mai launi a inuwa. Da ya bushe a kwashe. Zanen da ya wuni a ranar bazara yakan yi tauri kamar kirgi. Da hunturu a yi wankin da sassafe, a kwashe kafin iska ta taso da ƙura.

Guga ba tilas ba ce. In an karkaɗe zanen, aka ja gefensa ya miƙe tun yana jiƙe, ya isa. Mai son guga ya yi ta tun zanen da sauran laima, da dutse mai zafi. Hoton dutsen guga mai ɗigo 3 yana nufin zafi sosai, lilin kuwa yana ɗauka. In dutsen na gawayi ne, a kula da tartsatsi, a goge ƙasansa. A ƙasar Ayilan, masu saƙar lilin sun daɗe suna buga shi da manyan tabaren katako don ya yi sheƙi, kamar yadda ƴan bugu ke yi wa shadda a nan. Amma wannan na sabon yadi ne. Zanen da ake kwana a kai, kada a kai shi bugu.

Wajen ninki akwai abin lura. In kullum a layi ɗaya ake ninke lilin, ana kuma danne layin da guga, a nan zai fara tsagewa. Yau a ninka biyu, gobe uku. Wanda za a daɗe ba a taɓa ba, kamar na kayan ɗaki, gara a naɗe shi kamar tabarma. Kada a sa masa sitaci, don ƙwari na bin sitaci. Kada a ɗaure shi a leda, kada a ajiye shi da ko ɗan laima, sai ya yi hunhuna, baƙin hunhuna kuwa da wuya ya fita. A sa shi cikin tsohon zanen auduga, a akwati, a ɗora akwatin bisa duwatsu saboda gara. Da damina a riƙa fito da shi yana shan iska.

Mai zane 2 ko 3 ya riƙa juya su, kada ɗaya ya sha wahala shi kaɗai. A riƙa kuma juya kai ya koma ƙafa, domin kaushin diddige yana cin zane, balle da hunturu.

Ran da tsakiya ta fara siriri, kada a jira ta huje. A kai wa tela ya tsaga zanen biyu a tsaye, ya haɗa gefe da gefe su koma tsakiya, ya kalmashe bakin da ya tsufa. Zanen zai ƙara shekaru. In wannan ma ya gaji, a yanka wuraren da ke da sauran ƙarfi a yi rigar matashin kai ko shimfiɗar jariri, tun da a lokacin ya yi laushi ƙwarai. Ƙananan ƙyallayen a ajiye su don goge kofunan shayi, lilin ba ya barin gashi a jikin gilashi.

Kafin darasi mai zuwa, kowa ya duba takardar da ke jikin zanen gadonsa ko rigarsa. Ya kwafe abin da ya gani a littafinsa, baƙi da lamba, ya zo da shi aji mu karanta tare.